Dafaffen Iri

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Na kai ta gaban waɗanda suka fi ni karatu, na kai ta gaban waɗanda suka fi ni shekaru, har yau ban sami amsar da zan kwanta a kanta ba. Mutumin da ya cuce ka don tsoron kada ka mutu, me sunansa? Maci amana ne ko masoyi? Ranar da za a kafa ma'auni, a wane ɓangare za a ɗora abin da ya yi? Ban sani ba, jama'a. Abin da na sani shi ne yadda wani bawan Allah ya yi da aka yi masa haka. Ku saurara.

An yi wani mutum a wani ƙauye na bakin daji, tun zamanin da fitila ba ta san kananzir ba, sai man kaɗe. Sunansa Nomau. Ba malami ba ne, ba attajiri ba ne, ba ya riƙe da sarautar komai. Gonarsa ƙarama ce, in ka yi atishawa a wannan iyaka, wanda ke waccan iyakar zai yi maka addu'a. Yana da yaya mace, Tasalla, wadda ta goya shi bayan uwarsu ta rasu ta bar shi bai kai yaye ba. Har furfura ta fito masa a gemu ba ta daina ce masa Auta ba, shi kuma bai taɓa kama sunanta ba, sai Yaya.

Garin nan da kaɗanya yake rayuwa. Da manta ake miya, da shi ake kunna fitila, shi ake shafa wa jariri, shi ake murza wa wanda ya yi targaɗe. Amma duk faɗin ƙasarsu babu kaɗanya ɗaya da hannun mutum ya shuka. Al'ada biyu gare su a kanta. Ta fari, kowace babbar kaɗanya a dajin tana da matar da ke tsintar 'ya'yanta, 'ya ta gada daga uwa, namiji kuwa ba ya duƙawa a gindinta ya ɗauki ko ɗaya. Ta biyu, ba a shuka ta. Cewa suke itacen Allah ne, shi ya shuka abinsa, duk wanda ya binne ƙwararta da hannunsa, shi za a binne kafin ta yi 'ya'ya. Camfi ne, kun sani na sani. Amma kada ku yi saurin yi musu dariya. Kaɗanya ba ta haihuwa da wuri. Yaron da aka haifa ranar da ta tsiro, sai ya isa aure kafin ta fara zubar da ɗa. Dattijon da ya shuka ta da wuya ya ɗanɗana. Mutane suka ga haka ya faru, suka ɗora wa itace laifin ajali.

Cikin itatuwan da Tasalla ta gada akwai wata tsohuwa can cikin daji, matan gari suna ce mata Saniya. Ƙwararta manya ne, ɓawon ba kauri, in an daka an tafasa, man da ke tasowa a bakin tukunya ya fi na kowace. Amma ta tsufa. Daji kuma yana ja da baya, ana sara, ana ƙona gawayi, ana buɗe gonaki. Tsintar da uwarsu ke yi ta dawo da hantsi, yanzu Tasalla sai azahar take shigowa gari, kwando a ka, tana jan ƙafa ɗaya.

Wata kaka Nomau yana zaɓen zangarniyar geron da zai ajiye iri, yana ware manya yana ɗaurewa, sai tunani ya zo masa. Gero, mai kyau ake zaɓa a ajiye. Akuya, mai yawan haihuwa ake bari a gida. Me ya sa itacen da ke ciyar da gari aka bar wa jemage ya zaɓa masa inda zai tsira? Da ma in yana noma ya tarar da 'yar kaɗanya ta fito da kanta, ba ya sa mata fartanya, kewaye ta yake da ƙaya. Wannan ba wanda ya hana shi, tunda ba shi ya shuka ba. Amma waɗannan ba a san uwarsu ba, wata in ta girma ƙwararta kamar tsakuwa. Ƙaramar gona kuma ba ta ɗaukar inuwa da yawa. In za a ba itace wuri a jira shi rabin rai, to a jira mai kyau.

Da bazara ta zo ya ware wani sashe a gefen gonarsa, ya haƙa ramuka da tazara yadda gero zai sami rana a tsakani, ya zuba taki, ya tafi gidan yayarsa. Ya durƙusa ya gaishe ta.

"Yaya, alfarma na zo nema. In Saniya ta fara zubarwa, a sam mini ƙwara ɗanya, ko ƙoƙo guda ne."

"Ɗanya? Tauna za ka yi? Haƙoran sun ishe ka ne?"

"Shukawa zan yi."

Ta dube shi tsawon lokaci. "Auta, da bayan nan na goya ka, na tauna na ba ka a baki. Yanzu so kake in auna maka likkafani a ƙoƙo?"

"Ajali na Allah ne, Yaya. Saniya ta tsufa, ke ma ƙafarki ta fara yi miki magana. In ta faɗi, irinta ya tafi ke nan. In 'ya'yanta suna bakin gari, jikokinki ba za su riƙa kutsawa cikin ciyawar damina suna taka macizai ba."

Ta yi faɗa, ya tashi ya tafi. Ya dawo, ta yi faɗa, ya sake dawowa. Da ta ga ba zai bari ba, sai ta ce ya jira. Bayan 'yan kwanaki ta miƙa masa ƙoƙo cike da ƙwara, manya-manya, an goge su fes. Ya yi ta godiya. Ita ba ta ɗago ta dube shi ba.

Ya je ya shuka. Ya san kaɗanya ba ta gaggawa, saiwa take fara turawa ƙasa, sai an daɗe kanta ya leƙo. Saboda haka da damina ta wuce bai ga komai ba, hankalinsa bai tashi ba. Da rani ya shigo ya riƙa ɗauko ruwa a tulu daga rijiya yana bi rami-rami yana zubawa.

Yana da wani taubashi, Jatau masassaƙi, mai yin turmi da taɓarya, bakinsa ya fi gizagonsa kaifi. Duk sanda ya biyo ta gonar sai ya tsaya.

"Sannu da aiki, Sarkin Ramuka. Yaya 'ya'yan naka? Sun fara tatata?"

"Barci suke, Jatau."

"Barcin nan ya yi nisa. Ka dai leƙa ko suna numfashi."

Damina ta zagayo, ko tsiro ɗaya babu. Nomau ya ce wataƙila gara ce ta cinye, wataƙila shi ya zurfafa rami. Ya koma wurin yayarsa, ta sake cewa ya jira, ta sake kiransa ya karɓa. Ranar kuwa tun asuba hadari ya rufe sama, rana ba ta leƙo ba. Ya karɓi ƙoƙo, ya tura yatsunsa cikin ƙwarar yana jin daɗin girmanta, sai ya ji ɗumi.

"Yaya, da ɗumi."

"Rana ce. Na ɗan shanya su."

Nomau ya ɗaga kai ya dubi sama, ya sunkuyar da kan.

Ku da kuka san aikin kaɗe kun riga kun gane. Mata sukan dafa ƙwara kafin su shanya, don kada ta tsira a ajiye ta ɓata mai. Ƙwarar da ta shiga tukunya ta mutu, ko a bakin kogi ka binne ta. Shekara guda ke nan yana shayar da gawa. Ya tuna tulun, ya tuna zafin ƙasar rani a tafin ƙafarsa, ya tuna bakin Jatau, zuciyarsa ta taso. Ya buɗe baki, sai idonsa ya faɗa kan hannun tsohuwar, hannun da ya raine shi. Ya haɗiye abin da ya taso. Ya ajiye ƙoƙon a gabanta a hankali.

"Na gode, Yaya. Waɗannan a mayar da su cikin na mai, kada a yi asararsu. Baɗi in muna da rai, a ba ni kafin a ɗora tukunya."

"Ka gane ke nan."

"Na gane."

"To tunda ka gane, buɗe kunnenka. Ba baɗi ba, ko baɗin baɗaɗa ba zan ba ka ba. Na binne Inna, na binne miji, na binne 'ya'yan cikina. Kai ba za a ce daga kwandona ajalinka ya fito ba. Je ka ka gaya wa gari na dafa maka iri."

"Ba gari ne ya goya ni ba, Yaya."

Ku fahimci nauyin abin da ta ce. A wurin manoma babu cin amanar da ya kai ɓata iri. Ɓarawon dami ya cuce ka shekara ɗaya, kuma ka san an cuce ka. Wanda ya ba ka mataccen iri ya sa ka yi wa banza bauta kana murna. A garin nan macen da aka ji ta dafa iri ta ba manomi, ba mai ƙara sayen manta, ba mai ƙara karɓar ko ruwan sha daga hannunta. Tasalla kuwa da man nan take ci, da shi take riƙe da marayun jikokinta.

Nomau bai gaya wa kowa ba, har matarsa. Kowace shekara in Saniya ta fara zubarwa sai ya je ya durƙusa ya roƙa sau ɗaya. Ta ce a'a. Ya ce to. Ya kawo mata itacen wuta, ya gyara mata danga, ya koma ya sabunta takin ramukansa.

Wata damina aka yi gayya a gonar Sarkin Noma. Da rana ta take, maza suka zauna a inuwa, mata suka kawo fura, Tasalla tana cikinsu tana zubawa. Jatau ya ɗauko zancen ramuka, aka yi ta dariya. Sarkin Noma kuwa dattijo ne da ba ya wasa da maganar iri. Ya ajiye ludayinsa.

"Nomau, ni abin nan bai shige ni ba. Na san ƙasar gonarka, ko sanda ka kafa sai ta yi toho. A ce rami ko ɗaya bai fito ba? Wa ya ba ka irin nan?"

Nomau bai waiwaya ba, amma ya ji ƙarar zuba fura ta tsaya a bayansa. Kalma ɗaya ta ishe shi. Kalma ɗaya, sunansa ya wanku, camfin ma ya sha ƙasa, tunda kowa zai san ba ƙasa ce ta ƙi ba.

Ya ce, "Yayata ce ta ba ni, ranka ya daɗe. Kuma tun ina bayanta har yau, ba ta taɓa miƙo mini abu da nufin in cutu ba."

Ku duba fa. Bai yi ƙarya ba, bai kuma tona ba. Tsakanin ƙarya da tonon asiri akwai wata 'yar siririyar hanya, ba kowa ke da haƙurin neman ta ba.

Sarkin Noma ya girgiza kai ya ce to ko dai hannun Nomau ne, ko kuwa ƙasa ce ta ƙi abin da aka hana. Jatau ya ce, "Jama'a ku shaida, daga yau kada taubashina ya matso kusa da irin gerona." Shi da wasa ya faɗa, amma gari ya ɗauka da gaske. Daga shekarar nan in ana shuka, sungumi ake ba Nomau ya sara rami, zuba iri kuwa sai wani. Manomi ɗan manomi, a ce hannunsa yana kashe iri. Ya ɗauki sungumi ya yi ta sara.

Ana nan, wata safiya farkon damina Jatau ya shigo gidan Nomau, ba sallamar tsiya, ba kirari.

"Iskar shekaranjiya ta tsaga Saniya. Rabi ya kwanta. Cikinta kogo ne, ko turmi ɗaya ba zai fita a jikinta ba. Rabin da ke tsaye yana da 'ya'ya, amma ni da na san itace na gaya maka, na bana ne na ƙarshe. Tashi ka je kafin tsohuwa ta ja ƙafarta ta isa. Cika aljihu. Wa zai gani? Biri ma ɗauka yake bai nemi izini ba."

"Biri ba ƙaninta ba ne."

"To zauna, Sarkin Ramuka. Kai da ramukan ku tsufa tare."

Amma Nomau ya je. Kada ku zaci waliyyi nake ba ku labari, mutum ne. Ya shiga daji shi kaɗai, ya tarar da abin kamar yadda aka faɗa. 'Ya'ya ga su nan zube a ƙasa, kore shar, ƙamshinsu ya cika wurin. Ya duƙa ya ɗauki ɗaya. Zuciyarsa ta ce masa, ba don kanka za ka ɗauka ba, don jikokinta ne. In ka bari irin nan ya tafi saboda tsoron tsohuwa, wa ka yi wa alheri? Hujja ce mai ƙarfi, jama'a, ni kaina ban raina ta ba.

Ya daɗe tsaye da ɗan itacen a hannu. Sai ya ga abin da zai biyo baya. Haƙƙinta ne, uwarsu ta bar mata, ta kuma ce a'a da bakinta. Ta hana shi da dabara, in ya ɗauka da dabara, me ya raba su? Kuma in ya shuka a bayan idonta, sauran kwanan da ya rage mata duk a zaman jiran gawarsa za ta yi shi, tari ɗaya in ya yi ta ce ajalin ne ya zo. Ya mayar da ɗan itacen daidai inda ya ɗauke shi, ya zagaya itacen yana kallo, ya kama hanyar gari.

Gidanta ya zarce, ya durƙusa ya roƙa. Wannan karon ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "A'a, Auta," muryarta can ƙasa. Ya ce, "To, Yaya. Allah ya ƙara sauƙin ƙafa."

Ƙwara ɗanya ba ta jira, in ta kwana biyu a ƙasa ba a binne ba, ranta ya fita. Kwanaki suka shuɗe, zubar Saniya ta fara ƙarewa. Nomau ya ce a ransa, Allah ka ga niyyata, abin da ba rabo ba a ja shi da igiya. Ya ɗauki fartanya da ɗan wake a ƙoƙo, ya tafi don ya cike ramukan ya shuka abin da iyali za su ci.

Ya cike na farko, ya matsa na biyu, sai ya ji an ce a bayansa, "Bar shi haka."

Tasalla ce, ta dogara da sanda, zaninta jiƙe da raɓa har gwiwa. Ta kwance bakin mayafinta. 'Ya'yan Saniya ne da namansu a jiki, ba a ko ɓare su ba, wani ma da sawun haƙorin jemage.

"Daga gindinta nake. Na ga sawunka rannan, ya zagaya ta ya koma, kayana suna nan zube. Ranar gayya ma ina tsaye a bayanka." Ta ja numfashi. "Ka hana ni sakat, Auta. Da ka zage ni da na huta."

Ya miƙa hannu biyu zai karɓa. Ta janye.

"Wa ya ce kai za ka shuka? Ni zan binne su. In da mutuwa a ciki, ta tarar da ni, na riga na ci rabona."

"Yaya, ba wanda zai mutu saboda ƙwara."

"Kai ka san haka. Ni ban sani ba. Matsa."

Shekaru yana mafarkin ranar da zai sa irin nan a ƙasa da hannunsa, hannun da gari ya ce yana kashe iri. Ga ranar ta zo, an ce ya matsa. Ya matsa.

Ku tsaya nan, jama'a, ku ji abin da nake so ku tafi da shi gida. Alheri ba a shuka shi da sata, ko da alherin na gari duka ne. Gaskiyarka kuma ba sanda ba ce da za ka rotsa kan wanda ya goya ka. In naka ya cuce ka, faɗa masa a fuskarsa, ku biyu, da murya ƙasa, sannan ka rufa masa asiri a kasuwa ko da kai za a yi wa dariya. Tsoro ba ya jin gardama, amma yana jin kunyar mai haƙuri. Kowane ɗayanku yana da wanda yake binsa bashin wata cuta a zuci, yana ajiye da kalma ɗaya da zai wanke kansa ya kunyata shi. Haɗiye ta. Kuma ku da kuke da gona kuna cewa kun tsufa da shuka itace, wanda ya shuka zai mutu, wanda bai shuka ba ma zai mutu, amma ɗaya ne kaɗai zai bar inuwa. Man da ke cikin miyarku yau, ba ku kuka raini itacensa ba. Ku zaɓi mai kyau, ku roƙi irinsa a hannun mai shi, ku ba shi wuri a gefen gero.

Ita dai Tasalla ta jingina sandarta, ta dafa kafaɗar ƙaninta ta durƙusa a bakin rami da ƙyar. Ta ɓare ɗan itacen da babban yatsa, ta miƙa masa naman ta ce ya sha kada a yi asara. Bakinta yana bisimilla, ta kwantar da ƙwarar a cikin taki, ta jawo ƙasa da tafin hannu ta rufe, ta danna.

Ta ce, "Ɗaga ni. Ina na gaba?"